"Ban Gani Ba": Abin da Aikin Duba Rubutu Ya Koya Mini Game da Ido da Hankali

Na yi shekaru ina aikin duba rubutu a wata maɗaba'a. Aikin ba shi da wata kwalliya. Za a kawo maka shafukan littafi kafin a kai su inji, ka zauna da jan biro, ka bi su sadara bayan sadara kana farautar harafin da ya faɗi, da waƙafin da ya ɓace, da kalmar da aka maimaita. Da zarar ka sa hannu a ƙasan shafi, alhakinsa ya hau wuyanka. Hannuna ya faɗa sosai, har aka haɗa ni da matasa biyu in riƙa koya musu. A wancan lokacin akwai magana ɗaya da na tsani ji daga bakinsu, wato "ban gani ba".

Wata rana ɗaya daga cikinsu, yaro mai natsuwa da ba ya wasa da aiki, ya bar kuskure a kan wani babi. Haruffa biyu ne suka yi musayar wuri a cikin kalma, kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta ta a saman shafi. Na kira shi na ɗora yatsa a wurin. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane abin da nake nuna masa, sannan ya ce, "Wallahi Malam, sau biyu na karanta shafin nan, ban gani ba." Na ce masa, "Idon naka na ado ne? Ƙaton abu irin wannan?" A gaban mutane na faɗa. Ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa komai ba.

Ba a rufa shekara ba nawa ya zo. Bangon wani littafi ne, kuma harafi ɗaya ya faɗi daga cikin sunan littafin kansa. Sau uku bangon ya biyo ta teburina, sau uku na duba, na sa hannu. Aka buga, aka ɗinke, aka fara jerawa a kwali. Wanda ya gano kuskuren shi ne dattijon da ke ɗaure kwalaye, mutumin da karatunsa bai yi nisa ba, wanda sai ya bi harafi ɗaya bayan ɗaya da yatsa kafin ya haɗa kalma. Da mai maɗaba'ar ya kira ni ya ajiye littafin a gabana, sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ban gani ba." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Asarar ta dame ni, amma akwai abin da ya fi ta hana ni barci. Na san ba gyangyaɗi nake yi ba ranar, ba kuma sauri nake yi ba. Ina tuna bangon sarai, ina tuna launinsa, ina tuna na ƙura masa ido. To ta yaya ido lafiyayye zai sauka a kan kalma sau uku, mai shi kuma ya rantse cewa cikakkiya ce? Wannan tambaya ce ta kai ni ajin yamma na ilimin halayyar ɗan Adam, inda muka yi zango guda a kan gani da mayar da hankali.

Ranar farko malamarmu ba ta buɗe littafi ba. Cewa ta yi kowa ya miƙe hannunsa ya kalli farcen babban yatsansa. Ta ce faɗin wannan farce, a wannan nisa, shi ne kusan iyakar wurin da ido ke gani tar a lokaci guda, kimanin digiri 2 kacal daga cikin duk faɗin abin da ke gabanka. Ban yarda ba sai da na gwada. Ka tsayar da idonka a kan kalma ɗaya a tsakiyar sadara, kada ka motsa shi, ka yi ƙoƙarin karanta kalma ta biyar daga gefenta. Za ka san akwai rubutu a wurin, amma ba za ka iya karanta shi ba. Abin da ke sa mu ji kamar muna ganin komai garau shi ne ido ba ya zama wuri ɗaya. Tsalle yake yi, sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa, ya dira nan ya dira can. Mai karatu ma ba bin sadara yake yi kamar ruwa a kwata ba. Idonsa kan tsaya wajen rubu'in daƙiƙa, ya yi tsalle, kuma sau da yawa yakan tsallake gajerun kalmomi ɗungurungum.

A lokacin tsallen kuwa, gani kusan ɗaukewa yake yi. Wannan ma da kaina na tabbatar a gaban madubi. Na kalli idona na dama, na koma na hagu, na sake komawa, na yi ta yi. Ko sau ɗaya ban ga ƙwayar idona tana motsi ba, kullum a tsaye nake samun ta. Amma wanda ke tsaye kusa da ni yana ganin tana kai da kawowa. Ke nan sau dubbai a yini ana yanke mana gani na ɗan ƙiftawa, ba mu taɓa jin an yanke ba.

Sai kuma makahon gurbi. A bayan kowane ido akwai wurin da jijiyar gani ke fita zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a wurin babu ƙwayoyin da ke karɓar haske ko ɗaya. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya bayyana shi tun a shekarun 1660. Ka yi ɗigo biyu a takarda, tazarar faɗin tafin hannu a tsakaninsu, ka rufe idon hagu, ka kalli ɗigon hagu da idon dama, ka riƙa matso da takardar a hankali. Akwai inda ɗigon dama zai ɓace ɓat. Abin da ya girgiza ni shi ne abin da ya maye gurbinsa: ba baƙin rami na gani ba, farar takarda na gani, sumul. Ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da abin da take zaton ya kamata ya kasance a wurin, ba ta kuma sanar da ni cewa ciko ta yi ba.

A nan na fara fahimtar bangon littafina. Hermann von Helmholtz, masanin Jamus na ƙarni na 19, ya ce gani wani irin kintace ne da ƙwaƙwalwa ke yi ba da saninmu ba, tana haɗa ɗan abin da ido ya kawo da abin da ta riga ta saba da shi. Sunan littafin nan na yi watanni ina ganin sa a wasiƙu da takardun aiki. Da idona ya dira a kansa, farkon kalmar da ƙarshenta da tsawonta sun ishe ni, sai ƙwaƙwalwata ta ƙarasa sauran. Dattijon kwalaye ba shi da wannan saurin, dole ya taɓa kowane harafi, shi ya sa ya ji wurin da babu. Ƙwarewar da nake taƙama da ita, ita ta rufe mini ido.

Mako na huɗu aka nuna mana wani ɗan gajeren bidiyo. Mutum shida ne, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallon kwando suna zagayawa. Malama ta ce mu ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Na tattara hankalina kaf, na ƙirga, na kuma samu daidai. Sai ta ce, "Wa ya ga goggon biri?" Wajen rabin ajin suka ɗaga hannu, mu sauran muka yi ta kallon juna. Da ta maimaita bidiyon, sai ga mutum cikin shigar goggon biri ya ratso tsakiyar 'yan wasan, ya tsaya, ya fuskanci kyamara, ya bugi ƙirji, ya wuce abinsa. Wajen daƙiƙa 9 ya yi a fili. Na ce, "Malama, anya ba wani bidiyon kika sa ba?" Ta ce shi ne dai, kuma ba ni ne farkon wanda ya yi wannan tambaya ba. Gwajin na Daniel Simons da Christopher Chabris ne, sun wallafa shi a 1999 suna Jami'ar Harvard, kuma a wurinsu ma kusan rabin mutanen ba su ga birin ba.

Mutane sukan ba da labarin wannan gwaji don nishaɗi. Ni ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, domin na gane abin da na yi wa yaron nan. Rashin ganin birin ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne wanda bai gani ba ba ya jin ya rasa komai. Idan ka manta sunan mutum, kana jin mantuwar, tana yi maka yawo a bakin harshe. Amma abin da hankalinka bai sauka a kansa ba, ba ya barin gurbi, ba ya barin alama. Za ka tashi da cikakkiyar natsuwar cewa ka ga duk abin da ke wurin.

Gwajin da ya amsa tambayata kai tsaye shi ne na 2013, wanda Trafton Drew da Melissa Võ da Jeremy Wolfe suka yi a Amurka. Sun ba ƙwararrun likitoci 24 masu karanta hoton cikin jiki hotunan huhu, su nemo ƙananan ƙulluttukan da ke iya zama alamar sankara. A cikin hotunan ƙarshe suka saka hoton goggon biri, wanda girmansa ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48. Likitoci 20 daga cikin 24 ba su gan shi ba. An kuma sa musu na'urar da ke bin motsin ido, ta nuna cewa mafi yawan waɗanda ba su gan shi ba, idonsu ya sauka a daidai wurin da yake. Waɗannan ba ragwaye ba ne, ba kuma 'yan koyo ba. Suna neman farin ɗigo ƙarami mai zagaye, sai duk abin da bai yi kama da shi ba ya zama kamar babu.

Hausawa sun riga sun faɗa: hankali ke gani, ido gululu ne. Na sha jin karin maganar ina ɗaukar ta wa'azi a kan natsuwa, ban san bayani ne na zahiri a kan yadda jiki ke aiki ba. Harshen ma kansa ya rarrabe. Kallo daban, gani daban, dubawa daban, lura daban. Kana iya kallon abu ba ka gan shi ba, kana iya ganin sa ba ka lura da shi ba. Ranar bangon littafi na kalla, na kuma duba, amma abin da nake dubawa daban ne. Mun yi kwana biyu muna jayayya da masu inji a kan launin bangon, wai ya yi duhu. Duk lokacin da aka kawo mini shi, tambayar da ke kaina ita ce ko launin ya gyaru.

Wani masanin Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna wannan tun a shekarun 1960. Ya sa mutum ya kalli zane ɗaya na wasu mutane a cikin ɗaki, yana ɗaukar sawun idonsa. Idan aka ce ya kintaci shekarun mutanen, ido sai ya yi ta zarya a kan fuskoki. Idan aka ce ya kintaci arzikin gidan, sai ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Zane bai canja ba, tambaya ce ta canja, ido kuma ya bi ta kamar raƙumi da akala. Daga Anne Treisman kuma na koyi dalilin da ya sa maganata ta "ƙaton abu irin wannan" ba ta da tushe. A aikinta na 1980 ta nuna cewa abin da ya bambanta da sauran ta siffa guda, kamar jan harafi a cikin baƙaƙe, da kansa yake tsalle ya faɗo maka a ido komai yawan abin da ke kewaye da shi. Wanda kuwa bambancinsa ke cikin yadda aka harhaɗa siffofi, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Haruffa biyu da suka yi musayar wuri launinsu ɗaya da sauran, girmansu ɗaya. Ko da girman ƙofa aka rubuta su, ba za su kira ka ba.

Akwai wani darasi da ya saɓa wa duk abin da na ɗauka na sani a aikin. A da idan aka kawo mini rubutu mai tsabta, daga marubuci mai kula, sai in ji sanyi a raina. Ashe shi ya fi haɗari. Wolfe da abokan aikinsa sun yi gwaji a 2005 mai kama da aikin masu binciken jakunkuna a filin jirgin sama. Lokacin da abin da ake nema ke cikin rabin hotunan, kashi 7 cikin 100 kawai ke kuɓuce wa masu nema. Da aka mayar da shi sau ɗaya a cikin hotuna 100, sai abin da ke kuɓucewa ya haura zuwa kashi 30 cikin 100. Idan ka daɗe kana nema ba ka samu ba, ƙwaƙwalwa takan fara sallamar kowane shafi da wuri. Ga kuma gajiya, wadda ke zuwa tun kafin mutum ya ji ta. Norman Mackworth ya binciki dalilin da ya sa sojojin saman Birtaniya masu sa ido a kan rada, na'urar da ke hango jirage daga nesa, ke kasa lura da alamun jiragen ruwan abokan gaba a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zaunar da mutane awa biyu suna kallon hannun wani agogo da ke tafiya taki ɗaya-ɗaya, su danna maɓalli duk sa'ad da ya yi tsallen taki biyu. Sakamakon da ya wallafa a 1948 ya nuna cewa bayan rabin awar farko lura ta riga ta ragu. Ni kuwa a lokacin alfaharina shi ne ina iya zaman awa uku ban ɗaga kai ba.

A aikinmu abin da ake asara takarda ce da tawada. A wasu wuraren rai ne. A watan Disamba na 1972 wani jirgin fasinja na kamfanin Eastern ya faɗi a fadamar Everglades da ke jihar Florida, mutum 101 suka rasu. Matuƙan duka sun duƙufa a kan wata 'yar fitila ta tayar gaba da ta ƙi kamawa, ba wanda ya lura jirgin yana sauka a hankali. Ƙwan fitilar ne kawai ya mutu. Haka kuma binciken David Strayer a Jami'ar Utah ya nuna cewa direban da ke waya, ko da bai riƙe ta a hannu ba, yakan kalli alamar hanya ya kasa tuna ta. Tun da na karanta wannan ban sake amsa waya ina tuƙi ba, kuma ba na jin nauyin roƙon direban da ya ɗauko ni ya ajiye tasa.

Sai dai ban yarda da masu ɗaukar waɗannan gwaje-gwaje su ce ido maƙaryaci ne, ko ɗan Adam makaho ne ba. Wanda bai ga biri ba ya ƙirga ƙwallo daidai, kuma ƙirgar aka sa shi. Da a ce duk abin da ya faɗo a ido sai ya shiga hankali da ƙarfi ɗaya, da ba mai iya karanta sadara guda ko tsallaka titi. Tace abubuwa rahama ce, kuɗinta kuma shi ne wani lokaci a tace abin da ake bukata. Ban kuma yarda a mayar da "ban gani ba" mafakar malalaci ba. Sakaci gaskiya ne, na ga masu sa hannu a shafin da ba su buɗe ba. Abin da ya canja shi ne tambayar da nake yi. Na daina cewa "me ya sa ba ka gani ba?", domin ba mai iya amsa ta. Yanzu cewa nake yi, "Nuna mini yadda ka duba." A nan ake gane wanda ya yi aiki hankalinsa ya kuɓuce, da wanda bai yi ba.

Na so a ce sanin duk wannan ya zama rigakafi, amma bai zama ba. A 2010 Simons ya sake yin bidiyon, ya nuna wa har da waɗanda suka san labarin birin. Sun ga biri kuwa, tunda shi suke jira. Amma a cikin bidiyon labulen baya ya canja launi, ɗaya daga cikin masu baƙaƙen riguna kuma ya fice, yawancinsu ba su lura da ko ɗaya ba. Saboda haka na daina dogara da cewa zan ƙara buɗe ido, na koma gyara yadda ake aikin.

Yanzu kowane shafi ana bin sa fiye da sau ɗaya, kowane bi da tambayarsa guda: wannan na ma'ana ne, wannan na haruffa, wannan na lambobi da kanun babi kawai. A bin haruffa muna sa rula a ƙarƙashin sadara, wani lokaci mu faro daga kalmar ƙarshe mu yi baya, don kada ma'ana ta ja mu mu fara kintace. Bayan rabin awa kowa ya tashi ya miƙe ƙafa, ko yana so ko ba ya so. Idan an sami kuskure ɗaya, sai a sake karanta sadarar da maƙwabtanta, domin likitocin hoto sun daɗe da sanin cewa samun abu na farko yakan sa a daina neman na biyu. A rubutu mai tsabta kuma nakan dasa kurakurai biyu ko uku da gangan, in rubuta wurarensu a takardata don in cire su daga baya. Dabarar daga filayen jirgin sama na aro ta, inda na'urar binciken kaya kan saka hoton makami na ƙarya a kan jaka jefi-jefi don kada idon ma'aikaci ya yi sanyi. Su ma matasan suna dasa mini nasu, kuma ba duka nake kamawa ba.

Yaron nan na same shi bayan an tashi daga aiki, na ce masa maganar da na faɗa masa ranar ba daidai ba ce, na yi masa bayanin abin da na koya, na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce, "Haba Malam, ba komai, ya wuce." Daga baya na ga hakan bai isa ba, tunda a gaban mutane na kunyata shi, don haka washegari na maimaita a gaban mutanen.

Bango kuwa, ba na ƙara sa masa hannu sai ya bi ta wurin wanda bai taɓa ganin littafin ba. Mafi yawan lokuta dattijon kwalaye ne. Nakan kai masa da kaina in ce, "Baba, a taimaka a duba mana." Sai ya goge hannunsa a jikin riga, ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya fara bi yana furtawa a hankali. Yakan ɗauki minti uku ko huɗu a kan kalmomi biyar. Masu inji suna tsaye suna jira, ni ma ina tsaye da birona, har sai ya kai harafin ƙarshe ya ɗago kai.